TARIHI: Douglas Engelbart, uban linzamin kwamfuta da bai gamsu da sauƙin da aka gina a kansa ba

Duk wanda ya taɓa bin layi a banki tun hantsi har rana ta take, sannan ma'aikaci ya ɗago kai ya ce saba ta ɗauke, ya san akwai wasu kwamfutoci a wani wuri da ba ya gani, waɗanda idan suka tsaya, harkarsa ta ranar ta tsaya. Su ne ake kira saba, wasu masu fassara kuma su ce uwar garke. Ana jera su hawa-hawa a ɗakuna masu sanyi, suna ɗauke da asusun ajiya, shafukan jaridu da saƙonnin waya. Mafi yawansu ba su da allo, ba su da linzami. Mai kula da su yakan zauna nesa, wani lokaci ma a wata nahiya, a gaban baƙar taga, yana rubuta musu umarni layi bayan layi, kusan yadda ake yi shekaru hamsin da suka wuce.

Tsakanin masu wannan sana'a akwai tsohuwar gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wani ɓangare na ganin cewa tafiyar da saba ta tagogi da hotuna, a nuna a danna, shi ne ci gaba, domin ido na ganin komai, kuma sabon ma'aikaci ba ya buƙatar haddace kalmomi ɗari kafin ya taɓuka wani abu. Ɗaya ɓangaren na ganin rubutaccen umarni ne aikin ƙwararru, tunda ana iya adana shi, a maimaita shi, a aika shi ga kwamfutoci dubu a lokaci guda. Akan ɗauka cewa Douglas Engelbart, Ba'amurken da ya ƙirƙiro linzamin kwamfuta, shi ne kakan ɓangare na farko. Tarihinsa bai goyi bayan wannan zato ba. Mutumin ya shafe shekaru talatin na ƙarshen rayuwarsa yana ƙorafin cewa an tsinci ƙaramin abu daga aikinsa, an bar babban a ƙasa.

Daga bakin rafi zuwa Filifin

An haife shi ranar 30 ga Janairu, 1925, a birnin Portland na jihar Oregon, a arewa maso yammacin Amurka. Shi ne na tsakiya cikin 'ya'ya uku. Yana ɗan shekara takwas iyalin suka koma bayan gari, kusa da wani rafi da ake kira Johnson Creek, kuma shekara guda bayan haka mahaifinsa ya rasu, ana tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya durƙusar da ƙasar a shekarun 1930. Ya gama sakandare a 1942, ya shiga kwalejin jihar Oregon yana karatun injiniyan lantarki, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu. Rundunar sojan ruwa ta ɗauke shi, ta horar da shi a kan rada, na'urar da ke hango jirage daga nesa ta nuna su a kan allo.

Bai ga fagen fama ba. Jirgin da zai kai su Filifin na barin tashar San Francisco ne a watan Agustan 1945 lokacin da labari ya iso cewa Japan ta miƙa wuya. Amma ya dawo da abu biyu daga wannan tafiya. Na farko, rada ta nuna masa cewa na'ura na iya zuba bayani a kan allo nan take, mutum ya gani, ya mayar da martani nan take. Na biyu, a wani ɗan ɗakin karatu na ƙungiyar agaji ta Red Cross a tsibirin Leyte, wata bukka da aka ɗora a kan dirkoki, ya ci karo da maƙalar Vannevar Bush, jagoran binciken kimiyya na Amurka a lokacin yaƙin. Bush ya koka cewa ilimi ya yi yawa har ya gagari masu nemansa, ya kuma siffanta wani teburi na mafarki mai suna Memex, wanda zai adana takardun mutum duka, ya ba shi damar ɗaure wannan shafi da wancan, ya bar sawun da wani zai bi daga baya.

Saurayin ya karanta, ya ajiye a zuciya. Ya koma gida ya kammala digiri a 1948, ya sami aiki a cibiyar bincike ta Ames da ke Kalifoniya, ƙarƙashin hukumar da daga baya ta zama NASA, yana kula da lantarkin manyan ramukan iska da ake gwada fikafikan jiragen sama a ciki.

A watan Disambar 1950 aka yi masa baiko da Ballard Fish. Bisa labarin da shi kansa ya riƙa bayarwa har tsufansa, yana kan hanyar zuwa aiki bayan baikon ya lura cewa burinsa ya ƙare: ga aiki, ga mata, babu sauran abin nema. Yana da shekara 25. Ya yi lissafin abin da ya rage masa na lokacin aiki kafin ritaya, ya tarar kimanin minti miliyan biyar ne, ya tambayi kansa a kan me zai kashe su. Ya shafe watanni yana juya maganar, har ya tsaya a kan ra'ayi guda: matsalolin duniya na ƙara sarƙewa da gaggawa fiye da yadda mutane ke iya haɗa kai su warware su, saboda haka babu aikin da ya fi ƙara wa jama'a ƙarfin yin tunani tare. Da ya tuna allon rada, sai ya hango mutane zaune a gaban alluna, suna yawo cikin bayanai, suna aiki a kan takarda ɗaya.

Ya kamata a tuna yadda kwamfuta take a 1951. 'Yan ƙalilan ne a duniya, kowace ta cika ɗaki, aikinta lissafi. Shekaru da dama bayan haka ma, mai buƙata yakan huda umarninsa a jikin katuna, ya miƙa wa ma'aikaci, ya koma ya jira sakamako na sa'o'i ko kwana. Cewa mutum guda zai zauna yana hira da irin wannan dukiya, magana ce da ba ta shiga kunnen kowa. Engelbart ya bar aikinsa ya tafi Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya sami digirin digirgir a 1955. A can aka ja masa kunne cewa muddin yana irin waɗannan maganganu ba zai ci gaba a koyarwa ba. Kamfanin Hewlett-Packard ya so ɗaukarsa, amma da ya tambaya aka shaida masa ba su da niyyar shiga harkar kwamfuta. A 1957 ya kama aiki a Cibiyar Bincike ta Stanford, wato SRI, da ke Menlo Park, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya yi aikin da aka ba shi na na'urorin maganaɗisu har ya sami gindin zama.

Fensir ɗaure da bulo

A watan Oktoban 1962 ya fitar da dogon rahoto kan ƙara wa basirar ɗan Adam ƙarfi, da tallafin ofishin bincike na sojan saman Amurka. Nan ne asalin ra'ayinsa yake, kuma wanda bai san shi ba zai yi wa linzami mummunar fahimta. A ganinsa, iyawar mutum ba a cikin kansa kaɗai take ba. Ta dogara ne ga kayan aikinsa, da harshen da yake tunani da shi, da hanyoyin da yake bi, da kuma horon da ya samu. Waɗannan huɗu tare suke tafiya. Idan aka sauya kayan aiki, dole harshe da hanya da horo su sauya.

Don ya nuna tasirin kayan aiki, ya ɗaure fensir a jikin bulo ya yi rubutu da shi. Rubutun ya fito manya-manya, a karkace, a hankali ƙwarai. Hujjarsa ita ce, al'ummar da tun asali irin wannan ne alƙalaminta ba za ta tara littattafai ba, ba za ta yi lissafi mai zurfi ba, kuma ba za ta san abin da ta rasa ba. Tambayar da ta biyo baya ita ce: wane bulo ne ke ɗaure a hannun mutanen yau ba su sani ba?

Abin lura a nan shi ne horo. Tun daga tushe Engelbart bai yi alkawarin na'urar da za a iya amfani da ita ba tare da koyo ba. Yaro na shafe shekaru yana koyon karatu da rubutu, babu wanda ya ce a soke su saboda wahala. Haka ya ɗauki kwamfuta.

Sa'arsa ita ce rahoton ya zo daidai da lokacin da gwamnatin Amurka ke zuba kuɗi a bincike, bayan Tarayyar Sobiyet ta riga ta harba tauraron Sputnik a 1957. J.C.R. Licklider na hukumar ARPA ta ma'aikatar tsaro ya fara ba shi tallafi, sai Robert Taylor, wanda ya taimaka masa tun yana NASA, ya kuma ci gaba bayan ya koma ARPA. Da wannan kuɗi ya kafa ɗakin bincikensa a cikin SRI. Ƙa'idar gidan ita ce, duk abin da suka gina da shi za su yi aikinsu na yau da kullum, da shi kuma za su gina na gaba, kamar maƙerin da ke ƙera awartakinsa da gudumarsa a maƙerarsa.

Linzamin ɗaya ne daga cikin ƙananan matsalolin da suka warware a hanya. Idan rubutu na kan allo, da me za a nuna wa na'ura kalmar da ake nufi? Engelbart ya tuna wani kayan awon filaye a kan taswira mai 'yan ƙafafun juyi, ya zana tunaninsa a littafin aljihu. Babban injiniyansa, Bill English, ya sassaƙa na farko wajen 1964: ɗan akwatin katako, da ƙafafun ƙarfe biyu a ƙasa, ɗaya na auna tafiyar gaba da baya, ɗaya ta gefe, da maɓalli guda a sama. Igiyar da ta fito daga jikinsa kamar wutsiya ce ta sa suka laƙaba masa sunan ɓera, sunan da ya bi shi har yau a Turanci. Sun gwada shi da sauran na'urori, har da alƙalamin haske da wani ƙarfe da ake turawa da gwiwa a ƙarƙashin teburi, ɓeran ya fi su sauri da daidaito. An nemi takardar mallakar fasahar a 1967, aka bayar a watan Nuwamban 1970, da sunan Engelbart, amma haƙƙin na SRI ne.

Hannun dama ke nan. Hannun hagu fa? Wannan shi ne ɓangaren da duniya ta manta. A gefen hagu na teburinsa akwai wata 'yar na'ura mai maɓallai biyar dogaye, ɗaya ga kowane yatsa. Ana danna su ɗai-ɗai ko a haɗe, kamar mai kaɗa molo yana kama tsirkiya, kuma haɗe-haɗen sun kai 31, sun isa haruffa duka. Da ita ake ba da umarni. Manhajarsu, mai suna NLS, harshe ce mai aikatau da suna: harafin farko ya faɗi aikin da za a yi, na biyu ya faɗi abin da za a yi wa. Mai son goge kalma sai ya buga harafin gogewa, ya buga harafin kalma, ya nuna ta da linzami, ya tabbatar. Haka ake matsar da jimla, a kwafi sakin layi, a yi tsalle zuwa wata takarda. Ƙwararre kan yi duk wannan idonsa bai bar allo ba, hannayensa ba su bar wurarensu ba. Babu ƙananan hotunan fayil, babu kwandon shara, babu jerin zaɓi mai saukowa. A wurin wanda ya ƙirƙiro shi, linzami yatsa ne na nuni kawai. Maganar kuwa da umarni ake yin ta.

Minti casa'in a San Francisco

Ranar 9 ga Disamba, 1968, a wani babban taron masana kwamfuta a San Francisco, Engelbart ya zauna a kan dandamali gaban mutane kimanin dubu, da na'urar magana a kansa, da ƙaton allo a bayansa. Kwamfutar da yake sarrafawa, ƙirar SDS 940, tana Menlo Park, nisan kusan kilomita 50. English ne ya haɗa wayoyi da na'urorin aika hoto ta iska da suka sada wuraren biyu.

Ya fara da abu mafi sauƙi, jerin cefane. Ya rubuta, ya sake jera kayan bisa shagunan da za a saya, ya naɗe jerin ya koma kanun kawai, ya sake buɗe shi. Ya danna wani suna a kan zanen hanyarsa ta komawa gida, sai ga bayanin da ke ɗaure da sunan ya bayyana. Daga baya fuskar abokin aikinsa Bill Paxton ta fito a kusurwar allo daga Menlo Park, suna magana, suna aiki a kan takarda ɗaya, kowa da ɗigon nuninsa. Mutanen da yawancinsu har lokacin da katuna suke aiki suka miƙe tsaye suna tafi. A 1994 marubuci Steven Levy ya yi wa wannan zama laƙabi da uwar dukkan baje-koli, yana aron salon da Saddam Hussein ya kira yaƙin Tekun Fasha da shi.

Tafi dai an yi, amma ba a bi shi ba. Masu kallo sun ga abin al'ajabi, kaɗan ne suka tafi da ra'ayin da ke ƙarƙashinsa.

Shekara guda bayan haka ɗakin bincikensa ya shiga tarihin sabobi kai tsaye. Lokacin da ARPA ta kafa hanyar sadarwar da ta zama kakar intanet, Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ce tasha ta farko, SRI ta biyu. Ranar 29 ga Oktoba, 1969, ɗalibi Charley Kline ya yi yunƙurin shiga kwamfutar SRI daga Los Angeles, Bill Duvall na jiransa a ɗaya bakin. Haruffa biyu, L da O, suka isa, sai na'urar ta tsaya, aka gyara, aka sake. Saƙon farko da ya ratsa wannan hanya rubutaccen umarni ne na neman shiga kwamfutar da ke nesa, wato ainihin abin da mai kula da saba ke fara yi kowace safiya har gobe.

Engelbart ya kuma ɗauki nauyin cibiyar bayanai ta hanyar sadarwar. A ƙarƙashin Elizabeth Feinler, cibiyar ce ke riƙe da fayil ɗin da ke ɗauke da sunan kowace kwamfuta da lambarta. Mai sabuwar na'ura sai ya tuntuɓe su a saka ta, sauran kuma su kwafi sabon jerin. Da kwamfutoci suka yi yawa, tsarin sunaye na DNS da Paul Mockapetris ya tsara a 1983 ya karɓi aikin, amma jikan wancan fayil na nan a cikin kusan kowace saba.

A wannan shekara ta 1969, a ɗaya gaɓar Amurka, Ken Thompson da Dennis Ritchie na ɗakunan binciken Bell a New Jersey suka fara Unix. Su ba su da allon Engelbart. Da injin buga rubutu mai fitar da harafi goma a daƙiƙa suke magana da kwamfuta, shi ya sa umarninsu gajeru ne, harafi biyu ko uku. A 1973 suka ƙara dabarar da Douglas McIlroy ya daɗe yana nema, ta zuba sakamakon wannan umarni cikin wancan kamar ruwa a bututu. Gidajen biyu ba su yi kama a ido ba, amma sun yi tarayya a abu guda: dukansu sun ba mai aiki kalmomi da nahawu, suka bar shi ya ƙulla jimlolinsa.

Rabuwar hanya

Faɗuwar ɗakin binciken ta zo da sauri. A 1970 kamfanin Xerox ya buɗe cibiyarsa ta PARC a Palo Alto, 'yar tafiya kaɗan daga SRI, kuma Taylor ne ke ɗebo mata ma'aikata. English ya koma can a 1971, wasu suka bi shi. Kuɗin gwamnati ya ja baya yayin da yaƙin Biyetnam da shirin zuwa wata ke ƙarewa. Akwai kuma saɓanin ra'ayi. Engelbart na son babbar kwamfuta guda da jama'a za su yi tarayya a kanta. Matasan na son kowa da tasa a kan teburinsa. Shi ma yana da nasa laifin: mutum ne mai taushin murya amma mai kafiya, bayaninsa cike da kalmomin da shi ya ƙirƙira, kuma ya bar wasu tarurrukan gyaran hali da ake yayi a Kalifoniya a lokacin suka shigo ɗakin binciken suka raba kan ma'aikata.

A PARC aka ɗauki linzamin aka sauya masa alƙibla. Xerox na tunanin sakatarori da ma'aikatan ofis waɗanda ba za a tura su horon watanni ba. Larry Tesler ya lura cewa a tsari irin na NLS, harafi ɗaya na iya zama rubutu yanzu, anjima ya zama umarni, gwargwadon halin da manhajar ke ciki, kuma a nan ne sababbin shiga ke yin ɓarna. Shi da abokan aikinsa suka juya jimlar: a fara zaɓar abu, sannan a faɗi abin da za a yi masa. Daga kwamfutar Alto ta 1973 zuwa Star ta 1981 aka samu tagogi, da ƙananan hotuna, da jerin zaɓi. Steve Jobs ya ziyarci PARC a Disambar 1979, kuma a Janairun 1984 Apple ya fitar da Macintosh. Linzamin Engelbart na 1968 maɓalli uku gare shi. Na Macintosh ɗaya ne, don kada mai saye ya rikice. Na'urar hannun hagu kuwa ba ta samu karɓuwa a kasuwa ba.

Engelbart bai ɓoye rashin gamsuwarsa ba. Misalin da ya fi yawan kawowa shi ne na keke mai ƙafa uku da mai ƙafa biyu: na farko kowa na hawa ranar da ya gan shi, na biyu sai an faɗi an ƙuje gwiwa, amma babu mai tafiya mai nisa a kan na farko. A ganinsa, kasuwa ta auna kayan aiki da ranar farko ta mai amfani, alhali shekaru zai yi yana aiki da su.

Gaskiya ba ta taru a hannunsa shi kaɗai ba. Da an tsaya a kan NLS, da kwamfuta ta daɗe tana hannun 'yan tsiraru. Sauƙin da ya raina shi ne ya kai ta hannun ɗan kasuwa da malamin makaranta, shi ne kuma kakan wayar da ake shafawa da yatsa. Mutanen PARC sun fahimci abin da shi bai so ya karɓa ba, cewa yawancin jama'a ba kwamfuta ce sana'arsu ba, wata buƙata ce ta kawo su.

Sai dai akwai wurin da ƙorafinsa ya tabbata, wato ɗakin sabobi, inda kwamfuta ita ce sana'ar. Linus Torvalds ya fara Linux a Helsinki a 1991 bisa tafarkin Unix. A 1995 Tatu Ylönen, shi ma a Finland, ya rubuta SSH, hanyar aika umarni ga na'ura mai nisa a ɓoye daga masu leƙe. Microsoft kuwa ya shigo kasuwar sabobi da Windows NT a 1993, yana tallar cewa da tagogi za a gudanar da komai. Hakan ya yi daidai ga ofis mai saba ɗaya ko biyu. Da adadin ya kai ɗaruruwa sai lissafi ya sauya. Gyaran da ke cin danni ashirin a na'ura guda, a na'ura ɗari biyar danni dubu goma ne, kuma babu takardar da za ta nuna wa na baya abin da na gaba ya danna. Rubutaccen umarni kuwa shi ne aikin, shi ne kuma shaidar aikin: abokin aiki zai iya duba shi kafin a zartar, a adana shi, a sake zartar da shi baɗi. Microsoft da kansa ya fitar da PowerShell a 2006, bisa jagorancin Jeffrey Snover, sannan a Windows Server 2008 ya ba da zaɓin girka saba ba tare da yawancin tagogin ba. Tun daga Nuwamban 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya Linux suke amfani da shi.

Keke mai ƙafa biyu dai yana kayar da gwani ma. Ranar 28 ga Fabrairu, 2017, wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure a cikin umarnin da ya rubuta don cire 'yan sabobi kaɗan daga aiki, umarnin ya cire da yawa, shafuka masu ɗimbin yawa suka tsaya na kusan sa'o'i huɗu. Kamfanin da kansa ya bayyana haka, ya kuma gyara kayan aikin don su ƙi irin wannan umarni. Irin haɗarin da Tesler ya hango ke nan, a ma'auni mafi girma. Shi ya sa a yau ba kasafai ake samun ƙwararren da ya tsaya a gefe guda ba. Allo ɗaya na nuna masa zanen nauyin da ke kan sabobi da jan launi inda matsala take, ɗayan kuma yana karɓar umarninsa. Ido na nuni, yatsu na magana. Wannan zama ya fi kama da teburin Engelbart na 1968 fiye da na Macintosh ko na injin buga rubutun Bell.

Shekarun shiru

A rabi na biyu na shekarun 1970 SRI ta sayar da NLS ga kamfanin Tymshare, wanda ya sauya mata suna zuwa Augment, Engelbart ya bi ta a matsayin ma'aikaci. A cikin wannan tsakani gidansa da ke Atherton ya ƙone. Kamfanin jiragen sama na McDonnell Douglas ya sayi Tymshare a 1984, kuma a duka wuraren biyu an saurare shi da ladabi, ba a ba shi kuɗin bincike ba. Daga baya ya bar aiki. Shi da 'yarsa Christina suka kafa wata ƙaramar cibiya don yaɗa ra'ayinsa, suna shirya tarurrukan bita a Stanford. Kamfanin Logitech mai ƙera linzami ya ba shi ofis kyauta na tsawon shekaru.

Bai sami kason ciniki daga linzami ba. Haƙƙin na SRI ne, wadda bisa abin da ya faɗa ta ba Apple lasisi a kan kimanin dala 40,000, kuma wa'adin takardar ya ƙare a 1987, kafin kasuwar ta bunƙasa sosai. A 2008 Logitech kaɗai ya sanar da ƙera linzami na biliyan ɗaya.

Karramawa ta zo a makare, amma ta zo. A 1997, shekarar da matarsa Ballard ta rasu bayan aure na shekara 46, ya karɓi kyautar Lemelson-MIT ta dala 500,000, aka kuma ba shi lambar Turing, mafi daraja a fagen kwamfuta. A 2000 Shugaba Bill Clinton ya rataya masa lambar fasaha ta ƙasa. A wuraren bukukuwan akan gabatar da shi a matsayin uban linzami, shi kuma ya karkatar da jawabinsa zuwa ga haɗa basirar jama'a, aikin da yake ganin ko fara shi ba a yi ba. Har cikin shekarun 2000 da Augment yake aikinsa na yau da kullum, linzami a dama, maɓallai biyar a hagu.

A 2007 likitoci suka gano yana da cutar mantuwa ta Alzheimer. Ya sake aure a 2008, shekarar da aka taru a Stanford don cikar baje-kolin San Francisco shekara 40. Ya rasu a gidansa da ke Atherton ranar 2 ga Yuli, 2013, sakamakon ciwon ƙoda, yana da shekara 88. Ya bar matarsa ta biyu da 'ya'ya huɗu.